Shekarar da Aka Yanke wa Baba Ƙafa

Na daɗe da sanin abin da ake faɗa muku a gidajen suna da na biki, na kuma daɗe ina haɗiyewa. An ce ni na sa aka yanke wa kakanku ƙafa. An ce ni na tsinka kawunku Lawal a bainar jama'a saboda boko ya hau mini kai. Masu faɗin wannan magana har yau ba su gaji ba, ni kuwa ƙarfina ya fara ja da baya, don haka gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe alƙalami. Ba neman a wanke ni nake yi ba. Abin da ya faru zan gaya muku, wanda ya ga dama ya yarda.

Kun taso kun san ina aiki a asibitin gwamnati, amma ban taɓa zaunar da ku na bayyana muku aikin ba. A ɗakin gwaje-gwaje nake, ɓangaren da ake bin diddigin ƙwayoyin cuta. Za a kawo mana fitsarin mara lafiya, ko jininsa, ko kakinsa, ko mugunyar da aka lakato daga miki. Sai mu shafa a wani faranti mai murfi wanda aka zuba wa abinci ya daskare kamar kwantan koko, mu sa a akwatin ɗumi ya kwana. Washegari ƙwayoyin sun tsiro, ana ganinsu da ido. Daga nan mu ɗebo su mu shafe wani sabon farantin da su, mu jera 'yan takardu ƙanana kamar idon kifi a kai, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Idan maganin yana kashe cutar, da safe za ka tarar da fili fes kewaye da takardar, ba abin da ya tsiro a wurin. Idan kuwa cutar ta fi ƙarfinsa, sai ka ga ta mamaye har jikin takardar, ta zauna daram. Da wannan muke gaya wa likita maganin da zai rubuta. Kakanku, Malam Idi, da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce ashe ni ma noma nake yi, ciyawa ce kawai amfanin gonata.

Lokacin da na fara aiki, filin nan yakan yi faɗi kusan a kowace takarda. Ina ji ina gani ya dinga tsukewa. Kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani shi ya fara zama hoto, sannan na tari da gudawa da ake ba yara, sannan sifro, har abin ya kai ga alluran da a da sai ciwo ya yi tsanani ake taɓa su. Fitsarin mata masu ciki, mikin samarin da suka faɗi a babur, jinin jariran da aka haifa jiya, duk labarin ɗaya ne. Na shiga tambayar masu kawo gwaji me suka sha kafin su zo, amsar ba ta canzawa. An je kemis an sayo guda biyu, zazzaɓi ya sauka, an daina. Ya dawo, an sayo wani iri. Wata ta ɓare kafso ta barbaɗa a cibiyar jariri, wani ya zuba a ruwan kajinsa, wani ya tsira wa sansa ragowar allurar da aka rubuta wa matarsa. Ba na ganin laifin talakan da asibiti ya yi wa nisa, kuma ba zan ɓoye muku ba, har cikin likitoci akwai masu rubuta magani mai ƙarfi don kawai a sallami layi. Amma wanda yake tsaye bayan kanta yana miƙawa, yana sane da cewa guda biyu ba sa kashe cuta sai dai su koya mata dabara, wannan shi ne ya fi ƙona mini rai. Babanku ya sha wannan mitar har ya gaji.

Cikin masu tsayawa bayan kantar har da yayana. Yaya Lawal shi ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ya sa har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mini "yayanki". Ba mugu ba ne, kada wani ya ce na faɗi haka. A bayan kekensa na yi zuwa makaranta. Ya koyi sayar da magani a wani babban kanti a Funtua, ya dawo ya buɗe nasa a bakin kasuwar ƙauyenmu, can wajen Tsiga, kuma ba ya hana mai ciwo magani ko da tsakar dare aka tashe shi daga barci. Mutanen gari Likita suke kiransa, Inna kuwa idan ta ji sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Duk sallah in na je gida sai mun yi ta da shi. In na ce ya daina yanka wa mutane katin magani yana ba su guda biyu-biyu, sai ya ce mu 'yan asibiti sai mutum ya mutu muna jiran sakamako. A yi dariya a tsakar gida, a ce Rabi da iyayi.

A daminar da nake ba ku labari, Baba ya tsufa amma ya ƙi sakin garma. Yana huɗar masara a gonarsa ta fadama, shanun suka firgita suka fizga, bakin garmar ya tsarge shi a bayan ƙafar dama. Ba wani babban rauni ba ne. Da an wanke an ɗinke an duba jininsa, da kafin a cire masara ya warke. Yaya ne ya karɓi jinyar. Ya ɓare kafso ya cika mikin da gari, ya ba shi na sha. Da ya ga bai kame ba ya canza wani, ya sake canza wani, ya koma allura, yau wannan gobe waccan. Haka aka yi ta yi har masara ta yi goyo, kuma ba wanda ya aiko mini. A bakin wata maƙwabciyarmu na ji, ta kawo gwajin 'yarta tana tambayata ya jikin Malam. Na cire farar rigata na hau babur ko gida ban biya ba.

Tun daga zaure warin ya tare ni. Na san wannan warin, na sha jin sa a ɗakin masu gyambo, ban taɓa zaton zan ji shi a gidan ubana ba. Baba yana kwance a tabarma an lulluɓe ƙafar da tsohon zani saboda ƙudaje. Na ɗaga. Ta kumbura har ƙwauri, yatsu biyu sun yi baƙi, mugunya tana tsattsafowa kore-kore. A gefensa ga tiren Inna cike da ɓawon katin magani da kwalaben allura, iri-iri, kusan duk wanda nake da takardarsa a wurin aiki. Na tambayi Inna dalilin da ya sa aka ɓoye mini, ta ce ai sun san hali, zuwa zan yi in ɗaga wa mutane hankali alhali yayana yana bakin ƙoƙarinsa. Muna cikin haka ya shigo da sirinji a aljihu.

"Yaya, me da me ka ba shi?"

"Duk abin da ake bayarwa na ba shi. Akwai wata mai ƙarfi da na yi saƙo, gobe za a kawo mini daga Funtua."

"Ba za a ƙara tsira masa ko guda ba. Yanzu zan tafi da shi."

Ya ce ni ba zan zo gidan nan in nuna masa iko ba. Na durƙusa na tambayi Baba ko zai bi ni. Ya ce a samo mota.

Likitan da ya karɓe mu Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Nan take ya gano Baba yana da ciwon suga wanda ba a taɓa aunawa ba, shi ya sa mikin ya ƙi kamewa tun farko. Ku lura da wannan, domin a nan ƙaryar ta fi yawa: ba a ajiye kakanku ana jiran sakamako ba. A ranar aka wanke ƙafar, aka cire ruɓaɓɓen nama, aka ɗaura masa ruwa da allura mafi ƙarfi da asibitin ke da ita. Ni da hannuna na lakato mugunyar. Abokiyar aikina ta ce in bar mata, ba a son mutum ya yi gwajin nasa, na ce ta tsaya kusa da ni ta zama shaida amma ni zan yi. Ranar da na buɗe akwatin ɗumi na ɗauko farantin, na duba shi da kyau. Babu fili ko na ƙwayar gero. Kowace takarda cutar ta haye ta, har da ta allurar da ke shiga jijiyar Baba a daidai wannan lokacin. Na sake shafa wani na jera magungunan da muke ɓoyo don ranar baƙin ciki. Guda ɗaya tak ya nuna ɗan siririn fili, shi ma babu shi a yankinmu, sai da likita ya aika Zariya. Kafin ya iso ya fara aiki, baƙin ya wuce idon sawu. Zazzaɓi ya rufe Baba, yana sambatu yana kiran sunayen shanunsa. Likita ya kira ni gefe ya ce ni ma'aikaciya ce, ba zai yi mini kwana-kwana ba, ko ƙafar ko ran.

A gindin darbejiyar asibiti dangi suka taru. Yaya ya ce a ba shi ubansa ya mai da shi gida, akwai mai maganin gargajiya a wajen Musawa da ke warkar da gyambon da ya fi wannan, asibiti kuwa mahauta ne, wuƙa kawai suka sani. Kawunnai suka gyaɗa kai. Na yi bayanin farantin, na maimaita, kamar da bango nake magana. Inna ta dube ni ta ce:

"Ke Rabi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Haka muka ji daga manya."

Na ce mata wannan karin magana ne, abin da ke ɗaki kuwa nama ne, kuma yana hawa sama. Aka ce na yi wa uwata rashin kunya. Da yamma zazzaɓin ya ɗan sake shi, Baba ya dawo hayyacinsa, ya sa aka kira mu ni da Yaya da Inna. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma ba wanda bai ji ba.

"Ƙafar nan ta riga ta mutu. Ni nake kwana da ita, na fi ku sani. Rabi, ki gaya wa likita ya raba ni da ita."

Wannan ita ce gaskiyar yadda aka yanke wa kakanku ƙafa. Shi ya yanke hukunci, da hankalinsa, a gaban mutum uku. Ni na sa hannu a takardar asibiti saboda nasa yana rawa, kuma babban ɗansa da ya kamata ya sa ya kaɗa riga ya fita. An yanke ƙasa da gwiwa. Maganin Zariya ya share abin da ya rage, Baba ya tashi. Kafin a gama tsinkar auduga yana dogara sanda yana zuwa masallaci.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi shiru har abada. Sai na fara jin Yaya yana gaya wa duk wanda ya zauna a bencin kantinsa cewa saura ƙiris Baba ya warke a hannunsa na zo na ƙwace shi, muka ajiye shi a asibiti muna wasa da faranti har ƙafar ta lalace. Wannan ma na jure. Abin da ban iya jurewa ba shi ne ranar wata kasuwa da na je duba Baba na biya ta gaban kantin. Dungulmin ubanmu ko gama kamewa bai yi ba, na tarar da Yaya yana ɓare kafso yana nuna wa wata Bafulatana yadda za ta barbaɗa wa ɗanta a ƙunar wuta. Ko a jikinsa. Na tsaya a tsallaken hanya ina kallonsa. Wato duk abin da ya faru bai koya masa komai ba, domin ba wanda ya yarda ya gaya masa cewa da hannunsa a ciki. Gida guda an haɗu an lulluɓe maganar kamar yadda aka lulluɓe ƙafar da zani.

A cikin kakar ne likitan nan ya shirya zama da masu sayar da magani na yankin, ya ce in zo da hotunan farantai in nuna musu abin da muke gani. Na san Yaya yana cikin manyansu, a layin gaba zai zauna. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya ce in yi tunani, in ba wani ya je, domin zumunci in ya tsage ɗinkinsa wuya. Na kwana biyu ina juya maganar. Daga baya na tafi wurin Baba, na same shi a zaure yana gyaran igiya, na gaya masa ina da hoton farantinsa, kuma ba zan nuna ba sai da izininsa.

"Yayanki zai ji ciwo," in ji shi.

"Zai ji, Baba."

"To, ki kai musu. Tun da ba za ta ƙara taka gona ba, ƙafar ta yi wani amfanin."

A ajin wata makarantar firamare aka yi zaman, ranar Asabar, manyan mutane sun cusa gwiwoyi a kujerun yara. Na nuna musu farantin da magani ke aiki, na nuna wanda filinsa ya tsuke, na nuna na wata mai jego, na nuna na wani jariri, ba tare da suna ba. Na roƙe su abu kaɗan: kada su sayar da irin waɗannan magunguna sai da takardar likita, kada su yanka kati, kuma mikin da ya ƙi kamewa su tura shi asibiti. Suna ta ƙus-ƙus. Da na ɗaga na ƙarshe, wanda ba fili ko ɗaya, wani dattijo daga baya ya miƙe ya ce wannan dai labarin Turawa ne da ake kwafowa a littafi, su shekara da shekaru suna ba da magani ba su taɓa ganin cutar da ta gagari allura ba. Ya ce in gaskiya ne in faɗi mai farantin. Aka yi dariya, har da Yaya.

"Na ubana ne," na ce. "Malam Idi. Kun san shi, yana gida da ƙafa ɗaya. Kafin ya zo hannunmu babu irin maganin da ba a ɗura masa ba."

Ban kama sunan kowa ba, Allah shi ne shaida. Amma babu wanda bai san wanda ya yi jinyar Malam Idi ba. Yaya ya miƙe, kujerar ta biyo shi ta faɗi, ya fita bai waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, kuna yara ba ku gane ba. Ya hana matarsa da 'ya'yansa taka gidana. Bikin yayarku aka yi bai zo ba, bai aiko ba. In na gaishe shi a hanya sai ya dubi gefe. Inna ta shekara tana amsa gaisuwata da ka, kayan sallar da na aika mata aka dawo mini da su a ƙulle yadda na ƙulla. Dangi suka yi ta zarya wai in je in ba shi haƙuri. Na ce zan durƙusa in gaishe shi a matsayinsa na yayana ko sau nawa ne, amma ba zan ce ƙarya na yi ba. A duk masu zaryar nan babu mutum ɗaya da ya taka zuwa kantinsa ya tambaye shi me ya zuba a ƙafar tsohon. Wanda ya ɓata ba shi da laifi, sai wadda ta faɗa. Kuma kada ku zaci na ci wata nasara. Mutum biyu ko uku cikin masu kemis sun fara turo mana masu miki, sauran suka ci gaba da abinsu, farantai kuwa har na ajiye aiki ƙara lalacewa suke yi. Baba ne kaɗai bai taɓa juya mini baya ba. Ya rayu shekaru bayan haka, ana ɗora shi a amalanke a kai shi gona yana ba da umarni, har tsufa ya ɗauke shi a kan shimfiɗarsa.

Bayan rasuwarsa da kamar shekara biyu, wata ranar kasuwa da hantsi, na ji sallama a tsakar gidana. Inna ce, ita kaɗai, wadda rabonta da gidan tun kafin a yanke ƙafar. Ta rame, leɓɓanta sun bushe. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi ruwa, ta ce fitsari ke yi mata zafi kamar barkono, ga zazzaɓi yana kaɗa ta. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin leda ta ajiye a gabana. Magunguna ne kala-kala, ba a ɓare ko ɗaya ba.

"Yayanki ne ya ba ni. Ban sha ba. Ki fara shuka mini a farantin naki tukuna."

Na miƙa hannu zan ɗauki ledar, ta dafe ta.

"Amma kada ya ji."

Na kai ta asibiti aka ɗauki fitsarin, na ajiye ta a ɗakina da sunan ta zo ganin jikoki. Allah ya taimake ta, da yake ba ta jagwalgwala cutar ba, an samu maganin da ya buɗe fili mai faɗi. Likita ya rubuta, na tsaya a kanta ta shanye shi har ƙwayar ƙarshe, ta warke sarai. Ni na mai da ita gida. Mata suka cika tsakar gida ana yi mata barka, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa ya juya mini ƙeya. Wata ta tambaye ta me ta sha ta murmure haka. Inna ta gyara zama, ta dube ni ido cikin ido, ta ce ai maganin da yaron nan ya haɗa mata ne, Allah ya yi masa albarka, hannunsa akwai sa'a.

Aka ce amin. Ni ma na ce amin. Ledar tana cikin jakata a lokacin, ba a ɓare ko ɗaya ba. Har Inna ta rasu ban buɗe baki ba, domin ta roƙe ni. Ku ne na farko da na gaya wa.